Zanen Jikata da Giyar Mijin Rosa

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a bakin famfo, har a wajen gaisuwar mutuwa sai an ja ni gefe: "Binta, yaya ƙasar take?" Wasu da gaske labarin ƙasar suke so. Wasu kuwa na san abin da suke kewaye-kewaye a kai, so suke su ji ko gaskiya ne na sha giya a can. To, na gaji da maimaitawa. Iyakar karatuna aji shida ne na firamare, amma ya ishe ni in rubuta abin da ya faru sau ɗaya. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa.

Duk wanda ya san ni a Kura ya san halina. Ni ce mai sake alwala sau uku don ina kokwanton ko na shafi kunne. Ni ce mai dawowa daga bakin titi in duba ko na kashe wuta a murhu. Marigayi maigidana har ya bar duniya yana yi mini dariya a kan haka. Sana'ata rini, wurin mahaifina na gaje ta. Ina ɗaure zane da zare, in tsoma shi a ruwan baba mai shuɗi a manyan tukwane a bayan ɗakina.

Abin da ya kai ni Amurka kuwa, autata Hadiza ce ke aure a New York. Mijinta Awudu mutumin Kumasi ne, direban tasi. Da cikinta na fari ya tsufa sai suka aiko mini da takardu in je in yi mata wankan jego.

Daga Kano jirgi ya kai mu Alƙahira, daga nan muka canza wani. A jirgi na biyu ban ci komai ba sai burodi da dabinon da na ƙullo a bakin zane, don naman da suka kawo ban san wanda ya yanka shi ba. Amma ba yunwa ce ta dame ni ba, rana ce. Mun tashi da hantsi, na jira azahar na yi ta a zaune. Na jira la'asar, na leƙa taga, rana tana nan inda na bar ta. Agogona ya ce magariba ta yi, taga ta ce ƙarya ne. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da ke kusa da ni ta ce, "Mama, ai bin ranar muke yi, shi ya sa ta ƙi faɗuwa." Na ce, "To wa ya aike mu bin ta?" La'asar ɗin ranar sau uku na yi ta, ko Allah zai sa ɗaya ta faɗa a kan lokaci.

Da muka sauka sai layi, kamar na asibitin gwamnati, sai dai ba mai tsallake wani. Wani ma'aikaci ya zo da ɗan kare mai dogayen kunnuwa. Karen ya wuce mutum ya fi ashirin, bai ga wurin zama ba sai jikin jakata. Aka ware ni gefe, aka buɗe kaya. Kilishin da na yi wa surukina tsaraba suka ɗauke, suka jefa a wani babban kwando ina kallo. Kuka da daddawa suka shinshina suka bar mini. Sai ma'aikacin ya ɗago ƙullin kanwar da na kawo don kunun mai jego, ya yi ta juya ta, ya kira wani, shi ma ya juya. Suna tambaya, Turancina bai kai nan ba. Sai kawai na ɓalli 'yar kaɗan na lasa a gabansu, na nuna ciki. Ɗayan ya zaro ido, ɗayan ya fashe da dariya, ya mayar mini da abata. Jakar kuwa, da muka isa gida sai da na wanke ta ciki da waje saboda hancin karen nan.

Gidansu yana wata unguwa a Bronx da ake kira Soundview, a hawa na biyar. Ɗaki biyu ne da falo, ba tsakar gida, ba inda za ka tsaya ka ga sama sai ta taga. Sanyi ya fara shigowa, wani ƙarfe a jikin bango yana huci yana ɗumama ɗaki. Banɗaki da wurin wanka ɗaki ɗaya ne, abin da ya sa kwana biyun farko na rasa inda zan tsaya in yi bisimilla in fara alwala. Wanki a wani shago ake yi, a injin da kowa ke zuba nasa, har masu kwana da karnuka. Na ce wa Hadiza kayan sallata ba za su shiga can ba, a baho na riƙa wanke su da hannu. Kazarsu ƙatuwa ce kamar talotalo amma ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Abin da ya riƙe ni shi ne shinkafa da waken mutanen Gana, wadda suke dafawa da karan dafi ta yi ja. Mu a wurinmu fata ake rinawa da shi, su sun mai da shi kayan girki.

Mutanen gidan ba sa gaisawa. Ka haɗu da mutum a lif, ɗan akwatin da ke hawa da mutane bene, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya kafa wa bango ido. Maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu ma ba gaisuwa ce ta haɗa mu ba, turaren wuta ne. Kwana uku da zuwana, Hadiza ta tafi awo da mijinta, na ga gidan yana warin rufi, sai na gasa gawayi a kan risho na zuba turare a kasko. Ban kai ga zama ba wani abu a silin ya ɗauki ihu. Na zuba wa kaskon ruwa, hayaƙi ya ƙaru. Na buɗe ƙofa ina salati. Sai ga wata tsohuwa gajeriya, fara-fara, da silifa da sandar goge ƙasa. Ta ture ni gefe, ta buɗe tagogi, ta zunguri abin da sandar ya yi shiru. Sannan ta tsaya ta shaƙi iska, ta lumshe ido, ta nuna kaskon ta ɗaga babban yatsa.

Rosa ke nan. 'Yar wata ƙasar tsibiri ce da ake kira Jamhuriyar Dominika, Sifaniyanci take yi, Turancinta bai fi nawa da yawa ba. Mijinta ya rasu bara, ita kaɗai take zaune. Hadiza ta ba ni labari cewa lokacin da cikinta yana wata shida, jini ya ɓalle mata da rana, Awudu yana can wani gari da fasinja. Rosa ce ta saukar da ita, ta kai ta asibiti, ta zauna da ita har aka sallame ta. Na je na yi mata godiya da hannu da ka. Daga ranar kusan kullum sai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Wata safiya ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ta shimfiɗa farin yadi na auduga mai laushi a kan tebur, ta yi alamar rungumar jariri. Ta nuna mini hoton zane rinanne a wayarta. Na gane rini take so ta yi wa abin da za a haifa. Nan fa aka zo gidana. Na ce ta ba ni zare. Na ɗebi busasshen wake a kicin ɗinta, na riƙa sa ƙwaya ɗaya-ɗaya ina ɗaurewa, layi-layi, yadda in an kwance za a ga ƙananan zobba farare. Muka wuni muna yi, ita tana riƙe mini yadi tana waƙar cocinsu, ni ina ɗauri. Ban tambaye ta da me za ta rina ba. Da na tambaya ma da wane baki za ta ba ni amsa?

Washegari ta sake kirana. Na tarar da babbar tukunya a kan wuta, ruwa ja-ja mai duhu yana tururi, yadin yana ciki, ga gishiri a gefe. Warin kamar zoɓon da ya kwana biyu. Ni ban taɓa jin warin giya ba a rayuwata, ina zan san shi? Kuma duk marinin da ya koya a hannun tsofaffi ya san ba a yarda da ruwan rini da ido kawai. Mahaifina da harshe yake gane ko toka ta ji a baba, haka ya koya mini, haka nake yi shekara arba'in. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na tsoma yatsa na kai baki.

Rosa ta yi ƙara ta riƙe mini hannu, amma aikin gama ya gama. Ta ruga ta kira Hadiza. Hadiza ta shigo da ƙyar tana riƙe da ƙugu, ta dubi tukunya, ta dubi kwalabe shida da ke cikin leda a bayan ƙofa, ta dube ni.

"Inna, me kika yi?"

"Ɗanɗanawa na yi. Mene ne a ciki?"

Ta ce a hankali, "Giya ce, Inna. Jar giya ta inabi."

Ban san yadda na tsallaka zuwa namu ɗakin ba. Na kurkure baki har na daina ƙirgawa, na sa sabulu, na sa aswaki har dasashina ya yi jini. Hadiza tana bakin ƙofa tana cewa an tafasa ta, abin da ke sa maye ya bi iska. Na ce ta rufe mini baki. Daga baya ta faɗa mini yadda abin yake. Kwalaben na mijin Rosa ne, ya mutu ya bar su. Ita a cocinsu ba a shan giya, zunubi ce a wurinsu kamar yadda take a wurinmu. Ba za ta sha ba, ba za ta ba wani ya sha ta ɗauki alhaki ba, ta kuma kasa tuttule su a kwata don kayan mijinta ne. Sai ta gani a waya ana rina zane da ita, ta ce to ga hanyar da abin zai yi amfani.

A ranar na yi wautar da ta jawo mini duk surutun da kuke ji. Na ɗauki waya na yi wa ƙanwata Saude saƙon murya ina kuka, na ce ta je a asirce ta tambayar mini limamin unguwa, ko gaskiya ne sallata ta kwana arba'in ta tafi. Saude ta buɗe saƙon a tsakiyar gidan suna, da ƙarar waya a sama. Saura kun fi ni sani.

Da Juma'a ta zo, Awudu ya ga na daina cin abinci, ya ce zai kai ni wurin wani malami a Harlem. Muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta cikin rami, muka fito a titi na 116. Nan ne kaɗai a ƙasar na ji kamar ina Fagge. Shagunan atamfa, teloli, warin soyayyen kifi, mutanen Senegal da na Nijar, ana sallama ana amsawa. Malamin mutumin Damagaram ne, yana da shagon huluna da turare kusa da masallaci. Na tsuguna daga gefe na zayyana masa komai.

Ya ce, "Hajiya, kin san giya ce?"

"Ban sani ba, Malam."

"Da kika sani, kin ƙara?"

"A'uzubillahi!"

"To ba ki da laifi. Ki ci gaba da sallarki."

Na ce, "Zanen fa?"

Ya ce, "A wanke shi da ruwa mai tsarki har ruwan ya fita garau. In ya fita garau zanen ya tsarkaka. Launin da ya kama ya ƙi fita ba ya hana komai."

Na sake tambaya ta wata hanya, ya ba ni amsa ɗaya. Na sake ta uku. Sai ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, in kin tambaye ni sau goma, amsar ba za ta ƙara tsanani don ki ji daɗi ba." Awudu ya juya baya yana tari, na san dariya yake ɓoyewa.

Na fito da amsa a hannu, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Na daina leƙa Rosa. In ta ƙwanƙwasa sai in shige banɗaki.

Ran Litinin Hadiza ta sauka lafiya, mace. Wankan jego a can abin dariya ne, ba itace, ba tukunya, ba ganyen darbejiya, famfo kawai za ka murɗa ruwan zafi ya zo. Na yi da abin da na samu. Kwana biyu da dawowarsu daga asibiti Rosa ta shigo da zanen a ninke, ta ɗaure shi da ɗan kirtani mai sheƙi. Ta riga ta kwance ƙullin waken, zobban sun fito ras, launin ja mai duhu kamar cikin ɓauren da ya nuna. Ta ajiye shi kusa da jaririya, ta ce wa Hadiza na ranar suna ne.

A falon kuwa akwai Hajiya Memuna, yayar Awudu, wadda ita ce babba a danginsu a can. Mace ce mai jiki da murya, tana aikin kula da tsofaffi, duk wani biki na mutanen Kumasi a Bronx ita ke juya shi. Labari ya riga ya kai mata. Rosa tana fita ta tashi ta ɗauki zanen da yatsa biyu ta jefa a leda.

Ta ce mini, "Mma, ke ce babba. Wannan yarinya sunan uwarmu za ta ci, Zainabu. Ba za a naɗe mini uwa da giya ba. Ko ki mayar mata da kayanta, ko in jefa a shara."

Hadiza ta ce, "Hajiya, za ta ji ciwo fa. Matar nan ta yi mini abin da..."

"Mun gode mata. Mu kai mata shinkafa da nama. Amma wannan, a'a."

Awudu ya sunkuyar da kai. Hadiza ta juya fuska bango tana hawaye. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi na ji an sami wanda ya faɗi abin da ke raina. Na karɓi ledar na ce ni zan mayar.

Na tsallaka na ƙwanƙwasa. Rosa ta buɗe da murna, ba ta ma lura da ledar ba, ta ja ni kicin. Farfesun kaza take yi wa mai jego. Ta tsayar da ni, ta buɗe kwandon shara, ta zaro ledar da kazar ta zo a ciki, ta miƙo mini daf da ido. Akwai rubutun Larabci a jiki, halal. Ta yi alamar mota da hannu, ta ɗaga yatsa biyu, wato mota biyu ta hau kafin ta samo. Sannan ta nuna tukunyar da ke kan wuta, ta nuna sauran tukwanenta da ke ƙasa ta kaɗa yatsa, ta yi gurnanin alade. Ta nuna can saman kabad inda ta ware wa wannan tukunyar wuri ita kaɗai, da ludayinta da aka ɗaura wa jan zare, da soson wankinta daban a cikin kofi. Ta ce, "Hadiza." Ashe tun ranar asibiti ta sayi sabuwar tukunya saboda 'yata, ba ta taɓa dafa nata abincin a ciki ba.

Na tsaya ina kallon jan zaren nan. Ni ma haka nake ɗaura wa butar alwalata zare don kada a shiga da ita bayi. Na zo ƙasar da ba a gaisawa, na tarar da mai waswasi irina a ƙofar da ke kallon tamu, kuma a kan 'yata take yin nata. Ita ce zan miƙa wa kyautarta a ledar shara?

Na fito da zanen. Na tattaro Turancin firamare na ce, "Wash." Na nuna sama na ce, "Allah." Na sake cewa, "Wash." Ta dubi zanen, ta dube ni. Fuskarta ta canza, ta dafe ƙirji ta yi wata doguwar magana da na gane ban haƙuri ce. Na kama hannunta na girgiza kai. Sai ta rage wutar farfesu, ta naɗe hannun riga, ta wuce gaba zuwa banɗaki.

Muka durƙusa a bakin baho mu biyu, tsofaffi, gwiwa na ƙara. Ruwan farko ya fita ja kamar an yanka kaza. Na biyu ya sassauta. Duk wanki sai in tari ruwan a kofin gilashi in ɗaga a hasken taga. A na bakwai ya fita garau. Rosa ta tafa hannu za ta miƙe, na ce ta koma. Sai da muka yi goma sha huɗu. Tun da na ga yadda ruwan farko ya zuba na san wannan rini ba mai riƙo ba ne kamar baba, kuma da sabulu ya taɓa shi sai jan ya juya. Abin da ya rage wani launi ne tsakanin toka da shuɗi, da ɗan ja-ja a ƙarƙashi, kamar bayan kurciya. Zobban suna nan. Rosa ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo, na zaci kuka za ta yi don jan mijinta ya tafi. Sai ta sumbaci zanen ta rataya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki.

A can ba a taron suna sai ranar da ba aiki, don haka an raɗa suna ran bakwai a gida, taro kuma sai Asabar, a wani zaure da ake haya a ƙarƙashin masallaci. Da safe na yi wa Zainabu wanka na naɗe ta a zanen. Hadiza ta gani ta ce, "Inna, Hajiya fa?" Na ce, "Ke dai sa ɗankwalinki." Na san abin da ke jirana a wurin taron. Amma ban canza zanen ba.

Zauren ya cika da mata, leshi da gwala-gwalai, manyan tukwanen shinkafa a jere. Rosa tana can kujerar baya da rigar cocinta, ta yafa ɗan gyale don girmama wurin. A al'adarsu gwaggon jariri ce ke karɓarsa ta zagaya da shi a gani. Hajiya Memuna ta taho da hannu a miƙe tana guɗa, sai ta tsaya cak.

Ta rage murya ta ce, "Mma, wannan ba shi ne ba?"

"Shi ne."

"Na ce a mayar."

"Kin ce. Na wanke shi."

"Cire shi ki ba ni uwata."

Na ce, "Uwarki ce, jikata ce. In za ki karɓe ta, da zanenta za ki karɓa."

Wata daga gefe ta ce, "Wai shi ne na giyar?" Wata ta ce, "Subhanallahi, a ƙarƙashin masallaci!" Ni da ko a gidan bikin dangina ba a jin muryata, sai na ji ta fito.

"E, shi ne! Da giya aka rina shi, ni na ɗaure shi da hannuna, har ɗanɗana ruwan na yi ban sani ba. Na tambayi malami sau uku, ya ce a wanke har ruwa ya fita garau. Ya fita a na bakwai, na ƙara bakwai. Duk wadda ta fi ni tsoron najasa a ɗakin nan ta miƙe in gan ta. Ga wadda ta yi shi can a zaune. Ranar da jini ya ɓalle wa Hadiza ita ta ɗauke ta. Ba don Allah ya sa tana nan ba, da yau ba suna muka zo ba."

Na nemi kujera na zauna da jaririya a hannu. Hajiya Memuna ta juya ta tafi wajen tukwane ta hau rabon abinci da ƙarfi, ludayi yana dukan faranti. Ba wadda ta zo ta karɓi yarinyar. Aka ci, aka sha, mai waƙar yabon Annabi ta yi ta gama. Hannuna ya sage, kafaɗata ta ɗauki zafi, zuciyata tana ce mini, Binta, anya goma sha huɗun nan sun isa? Na ce mata sun isa. Rosa ta matso ta zauna kusa da ni, ba ta san me aka ce ba, amma ta ga fuskoki. Ta yi alamar in cire zanen, ba komai. Na ƙi.

Wajen la'asar, mutane sun fara neman jakunkunansu, mai hoto ya ce saura na dangin uba. Hajiya Memuna ta zo ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. Ta ce, "Hancin uwarmu ne sak." Ta ja kujera ta zauna. Ta cire mayafinta ta ninka biyu, ta shimfiɗa a cinya da hannuwa yadda fatarta ba za ta taɓa zanen ba, sannan ta ce, "Kawo ta." Na miƙa mata Zainabu da zanenta. Ban ce komai a kan mayafin ba, don ni ma da a makon da ya wuce ne, huɗu zan ninka.

Na zauna har Hadiza ta yi arba'in, sannan na kamo hanyar gida. Har na taho gaisuwa ce kawai tsakanina da Hajiya Memuna. Ba ta ce ta yarda ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba. Ranar da zan tafi na goge zanen da kaina, na ninke, na sa a ƙasan akwatin Hadiza. Na ce mata ta adana shi da kyau, in Allah ya kawo ƙannen Zainabu, su ma da shi za a fita da su.